A tafi da kyanwa Ingila ko a bar ta a gida?

Yaya Babba: Salam jama'a. Na ji wai ƙanwata da ta samu aikin nas a Manchester tana shirin saka kyanwoyinta biyu a jirgi. Na faɗa mata kuma zan maimaita a nan, Turawan Ingila ba sa barin dabba daga Najeriya ta shiga kai tsaye, wata shida suke kulle ta a keji kana biyan kuɗin ci da kwana. Ga asarar kuɗi ga azabtar da dabba. A bar su a gida kawai.

Maman Yara: Yaya a bar su a hannun wa? Uwar tun idonta bai buɗe ba na tsince ta a bayan shago, da sirinji na dinga ba ta madara, yanzu duk asuba sai ta zo ta kwanta a gefen sallaya har in idar. Duk wanda na ce ya riƙe min sai ya ce to, amma na san ina juya baya waje za a kora su.

Dakta: Yaya ka yi haƙuri, wannan maganar wata shida tsohuwar doka ce, tun Janairun 2012 suka soke ta. Yanzu in takardu sun cika ba a killace kyanwa ko kwana ɗaya, wadda takardunta suka samu matsala ce ake iya riƙewa har wata huɗu kuma kai za ka biya. Abin da suke tsoro ciwon haukan kare ne, Najeriya kuma ba ta cikin ƙasashen da suka sassauta wa, shi ya sa namu sharuɗɗan suka fi tsawo. Farko a saka mata maikurocip a ƙarƙashin fatar wuya, ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa mai ɗauke da lamba. Sannan allurar rigakafin haukan kare. A lura, cip ɗin ne farko, in aka yi allura kafin cip to allurar ba ta ƙirgu ba sai an sake. Bayan kwana 30 a ɗebi jini a tura ɗakin gwajin da suka amince da shi, irin na Onderstepoort a Afirka ta Kudu, sakamakon awon ƙarfin rigakafin a jininta ya kai 0.5 ko sama. Daga ranar da aka ɗebi jinin a jira wata uku cur.

Auta: Kenan wata huɗu Dakta? Anti fa saura wata biyu ta tashi

Dakta: Aƙalla wata huɗu, in jinin bai faɗi gwaji ba. Ba za su bi ta a wannan tafiyar ba, wannan kam babu dabara.

Yaya Babba: To kun gani. Ko ba a kulle su ba ai an kulle aljihu. Tura jini wata ƙasa, kuɗin likita, kuɗin jirgi, duk da fam ko dala za a biya ga yadda canji yake, a dangin nan akwai yaran da ba a biya musu kuɗin makaranta ba. Kyanwa fa, wadda in ka fita ƙofar gida za ka ga goma.

Gwaggo: Ɗana kada ka ce kyanwa fa. Ai ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Wanda ya saba wa dabba da ci a kwano tun tana jaririya ya ɗauki amana. Kuma kai ka san abin da ake yi musu a unguwa, yara su jefe su, wata ta watsa musu ruwan zafi don sun taɓa kifi, baƙar kuwa ana ganinta da dare sai a ce mayya ce ko aljana. Ɗaya daga cikin na ƙanwarka baƙa ce wuluk.

Yaya Babba: Gwaggo hadisin ai ni yake goya wa baya. An ce ko ta ciyar ko ta sake ta. Ba a ce ta saya mata tikiti ba.

Gwaggo: Sakin da ake nufi na wadda ta iya kiwon kanta ne, waɗannan ko ɓera ba su taɓa kamawa ba.

Kawu na Landan: Bari in saka baki tunda ni a can nake. Dakta ya yi gaskiya kan doka amma akwai abin da bai faɗa ba kuma shi ne ya fi tayar min da hankali. Ingila ba a shigo da kyanwa a cikin ɗakin fasinja, dole a matsayin kaya take zuwa, can ƙasan jirgi, a Heathrow akwai cibiyar karɓar dabbobi da ake kai su a duba lambar cip da takardu kafin a miƙa maka, kuma ana daɗewa ana jira. Da Faransa ko Jamus za ta, kamfanoni irin su Air France da Lufthansa suna barin ka riƙe ta a jaka a ƙarƙashin kujera in ita da jakar ba su wuce kilo 8 ba. Nan babu wannan. Sannan gidan haya, yata ki ji da kyau, masu gidaje da yawa ba sa son dabba, sabon zuwa kuma da ƙyar yake samun ɗaki ma balle ya ce yana da kyanwa biyu.

Maman Yara: Innalillahi, ƙasan jirgi Kawu? Ba za su shaƙe ba? Ko a yi musu allurar barci su huta har a sauka

Dakta: A'a Anti, kada ki yarda kowa ya yi musu allurar barci, tana saukar da bugun jini kuma a sama ba mai lura da su, kamfanonin jirgi ma ƙin karɓa suke in sun ga an bugar da dabba. Wurin da ake ajiye su akwai iska, ana daidaita sanyi da zafi. Masu shan wahala su ne kyanwoyi irin Fashiya, wato na Farisa, masu lotsattsen hanci, su numfashi ke ba matsala har wasu kamfanoni ba sa ɗaukarsu, naki kuwa namu ne na gida. Ki sayi keji mai ƙarfi da tagogi, wanda za ta iya miƙewa tsaye ta juya a ciki, kwanon ruwa a maƙale a ƙofa, ki ajiye shi a buɗe a falo tun yanzu ki shimfiɗa tsohon zanenki a ciki ki dinga zuba musu abinci a nan, kafin ranar tafiya sun saba.

Auta: Ni tambayata, tunda Baban Yara da yara sai daga baya za su bi ta, me zai hana su taho da su?

Kawu na Landan: Wannan ita ce hanya. Dokar ta ce dabba ta iso cikin kwana 5 kafin mai ita ko bayansa, in ya wuce haka sai a koma tsarin 'yan kasuwa mai wahala. Don haka duk takardu a yi su da sunan mijinki tun daga cip.

Dakta: Takardar lafiya ta ƙarshe kuma kwana 10 kawai take aiki kafin shiga, kada a yi ta da wuri, ga izinin fitarwa da jami'an NAQS, hukumar Najeriya mai duba shige da ficen dabbobi da tsirrai, za su duba a filin jirgi.

Yaya Babba: Ni har yanzu ina nan kan bakana, kuɗin ya fi amfani a wani wurin, kuma ba ku amsa maganar Kawu ta gidan haya ba. In aka gama kashe kuɗi mai gida ya ce a'a fa?

Maman Yara: Shi ya sa zan riga su Yaya, ba zan sa hannu a gidan da bai yarda da su ba. Kuɗin makarantar yaran nan kuma ka san ban taɓa fasa bayarwa ba. Dakta ranar Asabar kana asibiti?

Dakta: Ina nan har azahar. Ki zo da su a kwando mai murfi, da katin rigakafinsu na baya in yana nan.