An soke tashinmu saboda hazo, sufabaiza ta ba ni zaɓi biyu

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Ina filin jirgin Malam Aminu Kano, an soke tashinmu zuwa Legas saboda hazo. Sufabaizar kamfanin ta ce ko a mayar min da kuɗina, ko a sa ni a jirgin jibi ba ƙarin ko kwabo. Ni kuma gobe da yamma ake jirana a Apapa. Wanne zan ɗauka?

Mai Shadda: Hau mota kawai, Alhaji.

Maman 'yan biyu: Kada ka yarda da maganar baki! Ni da na dawo Umara jakata ta ɓata, da dabino da jallabiyoyin yara a ciki. Yaran da ke kantar kamfanin suka ce in jira oga. Har la'asar ina zaune a kan kwalin zamzam. Da ya fito, rediyo a hannu, bai ko kalle ni ba, wai in cike fom. Na cike. Lambar da ya rubuta min a bayan tikiti har yau a kashe take. Allah ya isa.

Tsohon ma'aikaci: Hajiya, ki yi haƙuri, amma fom ɗin nan shi ne hujjarki, jakar da ta wuce kwana 21 ɓatacciya ce a doka. Sufabaiza na iya sauya maka jirgi, ya sa a kawo keken marasa lafiya, ya sassauta kuɗin kaya. Biyan diyya kuwa sai hedikwata. Ɗan Fagge, in ta kati ka biya, dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ta ba su kwana 14 su mayar, kuma akwai jami'an hukumar masu karɓar koke a filin.

Maman 'yan biyu: Dama ku bakinku ɗaya.

Mai Shadda: Kwana 14 a takarda. Wanda ya bar aiki tun zamanin Nigeria Airways ne zai koya mana?

Tsohon ma'aikaci: Wancan an rufe shi tun 2003, ɗana, lokacin kana tallan rake.

Baban Gida: In ka karɓi kuɗin, sabon tikitin gobe ba zai gaza dubu 200 ba.

Mai Shadda: Ina! Dubu 130 na saya makon jiya.

Baban Gida: Makon jiya akwai hazo?

Ɗan Fagge: Jama'a, layi na tafiya fa.

Maman 'yan biyu: Ni sikelinsu ne ma ke ba ni haushi. A gida kilo 20 cif, a wajensu 24. Wai sun sassauta, amma ba rasit.

Baban Gida: Kilishi ne yake kumbura a hanya, Hajiya.

Mai Shadda: Ba rasit? To aljihun wa kuɗin ya shiga? Tsohon ma'aikaci, kana ina?