Sitiyarin Camry ya yi tauri bayan na canza famfo da kaina

Mai Big Daddy:
Assalamu alaikum. Camry ce ta 2004, mai silinda huɗu. Famfon sitiyarinta yana yoyo, sai na sayo na Beljiyam na ɗaura da kaina, na cika mai. Yanzu sitiyarin ya fi da nauyi, musamman wajen fakin, kuma famfon yana kuka in na murɗa. Na leƙa kwalbar man na ga kumfa. Famfon ne ba shi da kyau?

Bakaniken Unguwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin zargin famfo. Kumfar nan iska ce, kuma famfo ba ya iya matsa man da ya sha iska.

Ɗaga gaban motar da jak har tayoyin biyu su bar ƙasa, ka tokare ta da kyau. Inji a kashe, makulli a buɗe. Murɗa sitiyari a hankali daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama kamar sau 20, kana ƙara mai duk sanda ya sauka, don in kwalbar ta bushe ta sake shan iska. Bar ta rabin awa kumfar ta kwanta. Sannan ka tayar da inji ka maimaita, amma kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5, don man yana ɗaukar zafi.

In kumfar ta dawo, to akwai inda iska ke shiga, kuma yawanci ta tiyon da ya sauko daga kwalba zuwa famfo ne. Abin da ke ruɗa mutane, wurin ba lallai ya ɗigo ba: tsotsa yake yi, ba turawa ba. Duba kilif ɗinsa, da bakin tiyon ko ya bushe ya tsage, da ƙaramar robar zobe da ke bakin shigar famfon. Robar famfon Beljiyam sau da yawa ta riga ta ƙandare, canza ta kawai.

Mai Kayan Gyara:
Wane mai ka zuba, ranka ya daɗe? Wannan Camry man giya na ATF take sha, Dexron II ko III, yana rubuce a kan murfin kwalbar. Lita ɗaya za ta kai ka. Don Allah kada man birki ya kusance ta, kumbura robobi yake yi har ya kashe rak, wato sandar ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba in ka murɗa sitiyari. Ka kuma haska cikin kwalbar da tocila, akwai rariya a gindinta. In ta toshe da baƙin datti, mai ba zai isa famfo ba, kukan nan dai za ka ci gaba da ji.

Direban Hanya:
Tunda za ka ɗaga ta, ka lura da abu ɗaya. Tayoyi a sama, inji a kashe, ya kamata sitiyari ya juya sumul. In ya ciza a nan ma, matsalar ba ta mai ba ce, sai a duba boljoyin, wato gaɓar da ƙafar motar ke juyawa a kanta, ko gwiwar sandar sitiyari. Bel ma ka tabbatar ya hau kowane fuli daidai ramukansa.

Mai Big Daddy:
Na gode ƙwarai. ATF na zuba, kuma a sama yana juyawa lafiya. Kilif ɗin tiyon ne na bari can baya, bai kama bakin famfon ba. Na gyara zamansa, gobe zan sa sabuwar roba in sake fitar da iskar.