Rijiyar Sarauniya a Patan: wa ya taɓa zuwa?

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Mun gama jarrabawa, ina so in leƙa Rani ki Vav a garin Patan, wato Rijiyar Sarauniya, rijiyar nan mai matakala da hotonta ke bayan takardar kuɗin Indiya ta rupee 100. Daga Ahmedabad zan tashi. Waya kawai gare ni, hoton zai yi kyau kuwa?

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Ka yi sammako, ƙanena, tafiyar wajen kilomita 125 ce. Rijiyar gabas take kallo, da hantsi rana ke bin matakalar tana haska bangon. Ni sai bayan azahar na isa, rabin hotunana fari fat, rabi baƙi ƙirin.

Mai Kyamara: Waya ta isa. Kowa daga sama yake tsayawa ya ɗauko ramin gaba ɗaya, alhali aikin yana jikin bango. Sauka ka matsa kusa: 'yan kunne, kitso, wata mace riƙe da madubi, duk a dutse. Laka ce ta adana su, ambaliyar kogin Saraswati ta binne wurin shekaru aru-aru, sai a shekarun 1980 aka gama tono shi da gyara. Hawa bakwai ne, amma an tare ƙasan, kada ka sa rai da taɓa ruwa. Sandar kyamara mai ƙafa uku kuma sai da izini, bar ta a ɗaki.

Anti Babba: Auta, ka san dai yawancin sassaƙen gumakan Hindu ne, musamman Vishnu. Ka zaɓi abin da za ka tura zauren gida, kafin Hajiya ta kira ka da tsakar dare. Sarauniya Udayamati ce ta gina ta a ƙarni na 11 don tunawa da mijinta, Sarki Bhima na ɗaya, UNESCO ta sa ta a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2014. Ka tafi da fasfonka, kuɗin shigar baƙi ya ninka na 'yan ƙasa nesa ba kusa ba.

Bakatsine: In kana da sauran ƙarfi, biya rijiyar Adalaj a hanyar dawowa, gab da Ahmedabad take. Hawa biyar ce, ga sanyi kamar randa.

Mai Kyamara: A'a Malam, Adalaj duhu gare ta, sai rana ta take hasken ke faɗowa ta bakin rijiyar. Ya ware mata wata ranar.

Auta: Na gode, yayyena. Asabar bayan asuba in sha Allah. Anti, Hajiya hoton matakala kawai za ta gani.