Neman kalma: me za mu kira "replication" da Hausa?

Jama'a, ku taimaka mini. Ranar Asabar zan yi wa wasu ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam bayani da Hausa a nan Kano, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi: replication. Ba na son in ce "maimaitawa" in wuce, don ba ta ɗauko ma'anar duka ba.

Ga abin da ake nufi. A 1988 wani Bajamushe, Fritz Strack, da abokan aikinsa suka sa wasu mutane su ciji biro da haƙora, abin da ke sa fuska ta yi kamar mai murmushi, wasu kuma su riƙe shi da leɓe. Aka nuna musu zanen barkwanci, masu haƙoran suka fi ganin abin dariya. Maganar cewa murmushin fuska kansa yana ƙara wa mutum jin dariya ta shiga littattafan jami'a. A 2016 ɗakunan bincike 17 suka bi hanyar a kan sababbin mutane kusan 1,900, ba su ga bambancin ba. Kafin nan, a 2015, masu bincike 270 ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek sun sake gwada bincike 100, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko. To wannan aikin, wani daban ya bi hanyarka da mutanensa ya ga ko zai tarar da abin da ka tarar, shi nake nema wa suna.

Wani malamin allo daga Gwale:
Malam, ai muna da ita. Tishi. Yaro ya yi karatu, ya koma ya tisa shi har ya zauna. Mata ma suna tisa gari in bai yi laushi ba.

Ni:
Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi mini daɗi ƙwarai. Amma garin da ake tisawa shi ne dai na farko. Tishi ya fi dacewa da a ba ka alƙaluman da mai bincike ya riga ya tara ka sake lissafa su. Wannan ma aiki ne babba, kuma na riƙe masa kalmar. Namu kuwa sai an nemo sabon hatsi.

Wata 'yar uwa daga Fagge:
Kwaikwayon bincike fa?

Ni:
Yaya, da na faɗi haka ɗalibai za su ji kamar wasan kwaikwayo ko satar amsa.

Wani ɗan kasuwa daga Dawanau:
Ni ba ɗan boko ba ne, amma a wajenmu in aka ce buhu tiya kaza ne, mai saye yakan zazzage ya auna da kwanonsa. Ku ce sake awo.

Ni:
Alhaji, ka kawo rabin maganar, wato kwanon wani ne ke awon, ba na mai kaya ba. Sai dai buhun bai canza ba, ya koma gidan tishi ke nan.

'Yar uwar Fagge ta dawo:
To bin sawu. Wani ya ce ya bi ta nan ya isa rijiya, kai ma ka taka da ƙafarka ka gani.

Malamin Gwale:
Hajiya, sawun ɓarawo ake bi. Kada a mayar da kowane mai bincike abin zargi.

Ni:
Malam, damuwarka gaskiya ce, kuma can ma wasu masana sun ji zafi da aka sake gwada aikinsu. Akwai masu ƙarya, kamar Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a Holand, wanda aka gano a 2011 yana ƙirƙirar alƙaluma, aka janye takardun binciken da ya buga fiye da 50. Amma yawanci ba ha'inci ba ne. Mutum ya gwada a kan ɗalibai talatin, ya juya lissafi hanya biyar, ya buga wadda ta yi kyau, sauran ya bar su a durowa, kuma har zuciyarsa ya yarda da abin da ya gani. Sannan ai mukan ce muna bin sawun magabata, babu zargi a ciki sai girmamawa.

Abin da ya ja ni ga "bin sawu" da Yaya ta Fagge ta kawo shi ne, ba a bin sawun da aka share. In mai bincike bai ajiye tambayoyinsa da alƙalumansa inda kowa zai gani ba, bai rubuta tun kafin ya fara cewa mutum nawa zai gwada da irin lissafin da zai yi ba, to ya bi bayansa da tsintsiya. Na taɓa neman takardar tambayoyin wani kundin digiri don in gwada ta a wata unguwa, aka ce kwamfutar ta lalace. Shekara biyu na aikin bawan Allah, ba mai iya taka inda ya taka. Har yau abin yana damuna.

Don haka ranar Asabar zan ce "gwajin bin sawu", in kuma lissafi kawai aka sake, "tishin alƙaluma". Saura sunan rubuta tsarin bincike a ajiye kafin a fara shi, wanda ke da shawara ya sauke ta a nan kafin Juma'a.