Wai Ventoy jabu ce? Daga zauren masu gyaran kwamfuta

Oga Sani: Salamu alaikum. A daina yaudarar yara masu koyo, Ventoy ɗin nan, manhajar da ake sa wa filasha don a tayar da kwamfuta da ita, jabu ce. Ka zuba WinPE, ƙaramar Windows ta gyara, a cikinta, ka soka filashar a laftof mai Intel ƙarni na 11, ta tashi lafiya lau. Ka buɗe diskpart, manhajar duba ma'ajiyar kwamfuta, ka rubuta list disk, filashar kaɗai za ta fito, SSD, ma'ajiyar laftof ɗin, ko sama ko ƙasa. Wannan ne ceton?

Abba: Wa alaikumus salam. Oga, jabu fa ka ce? Jabu shi ne abin da aka kwaikwaya aka sayar da sunan na asali. Ventoy kyauta ce, tun 2020 lambobinta suke a buɗe a GitHub, shafin da ake ajiye lambobin manhaja. Wa ta kwaikwaya?

Malam Nura: Abba, a buɗe ɗin ma ba duka ba. Akwai fayilolin da aka sa a cikinta a harhaɗe, ba a ganin lambobinsu, an yi ta ƙorafi a kai a 2024. Ko ba jabu ba ce, akwai duhu.

Abba: Duhu daban, jabu daban, Malam. Ya janye kalmar tukuna.

Maryam: Don Allah ku tsaya. Matsalar Oga Sani ba ta Ventoy ba ce, ko da Rufus, ɗayar manhajar rubuta filasha, aka rubuta wannan ISO ɗin, wato fayil ɗin WinPE, haka za a gani. Waɗannan laftof ɗin suna zuwa da VMD, wani tsarin Intel na sarrafa SSD, a kunne, SSD ɗin tana ɓoye a bayansa, WinPE kuma ba shi da direban, wato manhajar da za ta sa ya gane VMD ɗin. A sauke direban Intel RST, a warware shi a folda cikin filashar. Bayan an tashi: drvload da hanyar iaStorVD.inf, sai diskpart, rescan, list disk. In ana son ya zauna dindindin, a buɗe boot.wim, fayil ɗin da WinPE yake ciki, da dism /mount-image /index:1, a zuba direban da /add-driver /recurse, a rufe da /unmount-image /commit. Wanda ya manta /commit ya yi aikin banza.

Isiya: Ko kawai a kashe VMD a BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi.

Maryam: In za a kwashe fayiloli ne kawai, to, amma a mayar da shi bayan an gama. In aka bar shi a kashe, Windows ɗin mai kaya za ta tsaya a saƙon kuskure na INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Kuma a tambayi mai kaya lambobi 48 na buɗe BitLocker, makullin da Windows ke sa wa ma'ajiya, kafin a taɓa BIOS.

Isiya: Ni abin da na sani jabu a sana'ar nan filasha ce. An rubuta 64GB a jiki, cikinta bai wuce 8GB ba. Fayilolin farko su shiga daidai, na baya su lalace, ISO ya ƙi tashi, a ɗora wa manhaja laifi. A gwada ta da H2testw, manhajar gano ainihin girman filasha, kafin a zuba komai.

Oga Sani: Kana nufin ban san filasha mai kyau ba? Kai Isiya, yaushe ka fara riƙe sukurdireba?

Isiya: Allah ya ba ka haƙuri Oga, ban kira suna ba.

Malam Nura: Rufus dai ba ya kunyata mutum. ISO ɗaya, filasha ɗaya, shi ke nan.

Abba: Sai ka yi yawo da filasha goma a aljihu. Ventoy tana yi wa babban ɓangaren filashar tsarin ajiya na exFAT, ka jefa ISO ɗin SystemRescue da Hiren's da Windows 11 wuri guda, babu iyakar 4GB da tsarin FAT32 ke sa wa fayil ɗaya.

Malam Nura: Rufus ma yana wuce iyakar da tsarin NTFS. Kuma Secure Boot fa, tsaron da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba ta yarda da ita ba? Shuɗin allon nan da ke fitowa in an sa Ventoy?

Abba: Sau ɗaya ne a kowace kwamfuta: Enroll key from disk, ka zaɓi fayil ɗin .cer da ke VTOYEFI, ƙaramin ɓangaren filashar, ka sake tayar da ita.

Oga Sani: Kun gani? Abin da sai an roƙe shi kafin ya tashi, ai jabu ne.

Malam Nura, shugaban zaure: To, mu tsaya nan. Abin da aka cimma: Rufus shi ne abin dogaro, kuma yawancinmu a kai muke. Kalmar jabu ta ɗan yi nauyi, amma Oga Sani yana da hujja, Ventoy tana da duhu da yawan matakai. Abba da Isiya, a riƙa girmama na gaba. Maryam ta kawo wata magana kan direba, mai buƙata ya hau sama ya duba. An rufe.