An ce tsohon mutum ya mutu, to me ya sa nawa yake ta tashi?

Mai neman shawara, Zuru: Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Shekara uku ke nan da yi mini baftisma. A aji an karanta mana Romawa 6:6, cewa an gicciye tsohon mutum, wato tsohon halinmu, tare da Yesu, na kuwa gaskata. Matsalata burkutu. Gwaggona ce ta riƙe ni tun rasuwar babana, da kuɗin burkutu ta biya mini makaranta har na gama sakandare. Ita ke jiƙa dawa, ta shanya ta yi tsiro, ni ke kai niƙa a kan babur, ni ke faskaren itacen dahuwa. Ɗakina yana jikin rumfar da ake sha, warin yana shiga har cikin kayan da nake sawa zuwa majami'a. Wata takwas ban taɓa ƙwarya ba. Lokacin Uhola, bikin gargajiya na ƙasar Zuru, abokai suka zo daga Dabai, abin da ya faru ya faru, ga kuma maganar yarinyar nan. Tun ranar ban ci jibin Ubangiji ba, na daina zuwa koyon waƙa. Baftismar ce ba ta kama ni ba? In sake?

Dattijo, Birnin Kebbi: Ɗana, baftisma ɗaya ce, duba Afisawa 4:5. Ba a sakewa. Ka tsaya a Romawa 6:6, ba ka kai aya ta 11 ba, inda aka ce ku lasafta kanku matattu ga zunubi. Gawa ba ta kai niƙa. Ka bar gidan nan cikin makon nan.

Mama, Zumuntar Mata, Ribah: Kai ɗana, ka sa ni hawaye. Maigidana haka ya yi ta tuba yana komawa, ni ke noma ni ke biyan kuɗin makarantar yara. Da na kai kuka wurin dattawa, sai aka ce in ƙara haƙuri. Mu mata kullum haƙuri. Ina yi maka addu'a.

Mai neman shawara: Baba, na gode, amma ba ku san gwaggona ba. Ƙafarta ta kumbura, ba ta da kowa sai ni. Kuma kaiwa niƙa ba sha ba ne.

Dattijo: Matiyu 5:30. In hannunka na dama yana sa ka tuntuɓe, yanke shi. Yesu bai ce ka shafa masa mai ba. Aika mata kuɗi daga nesa. Sa'an nan ka je wurin fasto ka faɗi gaskiya, in horo ne ka karɓa.

Ɗan'uwa, Gusau: Horon nan talaka kaɗai yake kamawa. A wurinmu wanda ya sayi kwanon rufin majami'a kowa ya san halinsa, yana benci na gaba. Ni wata shida aka ajiye ni a baya kan abin da bai kai nasa ba.

Malamar makarantar Lahadi, Yauri: Baba, da girmamawa, Bulus ɗin da ya rubuta Romawa sura ta 6 shi ya ce a 7:19 alherin da yake so ba shi yake yi ba. Luka 9:23 kuma ya ce a ɗauki gicciye kowace rana, ba rana ɗaya a bakin rafi ba. Ɗan'uwa, wata takwas ɗin nan ba ƙarya ba ne, alherin Allah ne. Ka furta zunubinka bisa ga 1 Yahaya 1:9, ka koma cikin mawaƙa. In hannunka yana rawa da safe, je asibiti, wannan jiki ne. Wace magana ce ta yarinyar?

Dattijo: 'Yata, irin wannan lallashi ne ya cika ikilisiya da mashaya. Wanda ya kwana kusa da wuta ba ya tambayar dalilin zufa.

Mai neman shawara: Maganar yarinyar a bar ta tukuna. Faston namu kuma ɗan'uwan mahaifinta ne, shi ya sa ban je ba. Na yi azumin kwana uku, na ji sauƙi. Gobe kasuwa, gwaggo ta riga ta jiƙa dawa, ban san wa zai kai mata niƙa ba in ba ni ba.

Ɗan'uwa, Gusau: Ka gani? In fasto danginsu ne, kai za a ajiye a baya.