Ƙanena da ke Amurka ya ce in turo takardun haihuwar yarana saboda kuɗin haraji, in tura?

Maman Khalifa, Rikkos:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san harkar haraji a Amurka ya taimaka min. Ƙanena shekararsa biyu ke nan a can, yana aiki a wani sito, bai yi aure ba, kuma shi yake biya wa yarana biyu kuɗin makaranta tun rasuwar babansu. Jiya ya kira ni wai wani mai cike wa mutane fom ɗin haraji ya ce in ya sa sunan yara a takardarsa gwamnati za ta ba shi dubban daloli tunda shi ke ɗawainiyarsu, in kuɗin sun fito mutumin ya cire kasonsa. Ya ce in ɗauki hoton takardun haihuwarsu in tura ta WhatsApp. Ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi, gwamnati ce ke karɓar haraji, ya za a yi kuma ta ba mutum kuɗi? Ga shi yaran nan ko Abuja ba su taɓa zuwa ba balle Amurka.

Malam Habu, Kubwa:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan. Kar ki tura komai tukuna. Kuɗin da ake magana gaskiya ne akwai su, sunan tsarin EITC, tun 1975 ake yinsa, kuma don masu aiki ne waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba. Yadda yake shi ne ana rage wa mutum harajin da ake binsa, in rangwamen ya fi harajin yawa sai a biya shi ragowar a hannu, shi ya sa kika ji kamar gwamnati ke ba da kuɗi. A harajin 2024 mai yara biyu yana iya samun har dala 6,960, mai uku ko fiye 7,830, wanda ba shi da yaro kuwa iyakarsa 632, shi ma sai ya kai shekara 25 kuma abin da ya samu a shekarar bai kai dala 18,591 ba. Kin ga dalilin da mutumin yake neman yara ido rufe.

To amma ga inda gizo ke saƙar. 'Ya'yan 'yar'uwa suna shiga lissafi, wannan ba matsala, sai dai dole yaron ya zauna da shi gida ɗaya A CIKIN Amurka fiye da rabin shekara, kuma yana da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum. Biyan kuɗin makaranta daga nesa ba ya maye gurbin wannan ko nawa ne. Yaranki ba su da lambar, to wace lamba zai rubuta musu? Wannan tambayar kaɗai ya kamata ƙaninki ya yi masa. In hukumar harajinsu IRS ta gano, shi da ya sa hannu za a kama ya mayar da kuɗin da tara, a hana shi rangwamen shekara 2, in aka tabbatar da gangan ya yi shekara 10, kuma baƙo mai fatan gyara takardun zama bai kamata sunansa ya haɗu da ƙarya a fom ɗin gwamnati ba.

Ummu Sudais, Unguwar Rogo:
Yaya ki ce masa ya nemi VITA a garin da yake. Yayata tana can da yaranta, duk shekara wajensu take zuwa a laburaren unguwarsu, 'yan sa kai ne da suka ci jarrabawar IRS, ko sisi ba sa karɓa, ya tafi da W-2 ɗinsa, wato takardar albashin shekara da wajen aiki ke bayarwa ƙarshen Janairu, da katin shaida da katin Social Security ɗinsa da lambar asusun banki, su za su duba duk abin da ya cancanta. Ya yi kafin 15 ga Afrilu. Ita ce ma ta ce min mai cike fom na kuɗi in na gaskiya ne yana sa hannunsa da lambarsa a takardar, wanda ya ce sai ya ga yawan kuɗin zai yanke kasonsa ko a zuba a asusunsa a guje shi.

Danjuma_Terminus:
Mu nan fa Malam Habu, akwai irin wannan?

Malam Habu, Kubwa:
Irin na biyan mutum a hannu babu. Abin da sabuwar dokar haraji ta 2025 ta kawo daga Janairun 2026 shi ne naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kai, sai rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin haya, iyaka naira 500,000. Ka riƙa ajiye rasit ɗin hayarka.

Maman Khalifa, Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shi yanzu na karanta masa duka, ya yi shiru can ya ce ashe ya riga ya ba mutumin W-2 ɗin nasa amma bai sa hannu a komai ba, gobe in ya tashi aiki zai je ya karɓo. Takardun yaran suna nan cikin akwatina ban ɗauki hoton ba.